Tiya Biyu a Rumfa Ɗaya: Lamarin Wata Mai Awo a Zuru

Wata ranar Talata cikin watan Yuli na 2024, bayan an tashi daga taron Zumuntar Mata, wata gwauruwa ta tsaya a bakin ƙofar ofishin ikilisiyarmu. Tana riƙe da ɗan buhu a hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma da wata tsohuwar tiya wadda fentinta ya goge. Ni ne magatakardan ikilisiya, kuma ni ke koyar da ajin almajiranci na yammacin Lahadi, don haka ni ta tarar. Ta gaishe ni a durƙushe, ta ce, "Malam, ba ƙara na kawo ba. So nake ku auna mini wannan dawar da hannunku, kada ya zama idona ne."

Na auna. Ta ce tiya huɗu ta saya. Da tiyarta na sami uku da rabi da ɗan abin da bai cika tafin hannu biyu ba. Na sake aunawa, haka dai.

Na rubuta wannan lamari da yardar matan biyu, bisa sharaɗin ba zan ambaci sunan kowa ba, har da sunan ikilisiyar. Wadda ta sayar da dawar zan riƙa kiranta Mama, yadda dukanmu muke kiranta.

Su wane ne

Gwauruwar 'yar gudun hijira ce daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Danko-Wasagu ta ƙasar Zuru, a Jihar Kebbi. Duk wanda ya san ƙasar Zuru a 'yan shekarun nan ya san abin da ya koro irinta. 'Yan bindiga sun addabi Danko-Wasagu da Sakaba da wani sashe na Fakai, har a watan Maris na 2022 aka kashe 'yan sa-kai sama da 60 a kwanton ɓauna guda a yankin Sakaba. Mijinta a gona aka same shi. Ta iso Zuru da yara uku, da tabarma, da tukunya, da wannan tiya da ta gada wurin uwar mijinta. Ikilisiya ta ba ta ɗaki a bayan majami'a. Kuɗin da ta sayi dawar ma daga baikon taimako na Zumunta ya fito, kuma Mama na cikin waɗanda suka fi kowa sa hannu a wannan baiko.

Mama kuwa ba baƙuwa ba ce a gidan Allah. Kakanta na cikin waɗanda suka karɓi bishara tun zamanin da 'yan mishan suka zauna a Zuru cikin shekarun 1920. A gida yarensu na C'lela take yi da mijinta, amma addu'arta da waƙarta da karatunta na Littafi Mai Tsarki duk da Hausa ne, kamar yawancinmu a nan. Ba ta fashin addu'ar safe. Zakkarta ba ta makara. Lokacin da iska ta yaye rufin ajin yara, ita ta kawo bandir ɗaya na kwano ba tare da an roƙe ta ba. Shekara goma sha ɗaya tana awo a kasuwa: dawa, masara, gero, wake. Mijinta tsohon soja ne, ɗaya daga cikin ɗimbin 'ya'yan ƙasar Zuru da suka yi aikin kaki, kuma fanshonsa ba ya kai su tsakiyar wata. Rumfar Mama ce ke riƙe da gidan, ita ke biyan kuɗin makarantar yara huɗu.

Mun bi abin da Matiyu sura 18 ta tsara: a fara samun mutum shi kaɗai. Gwauruwar ta ce ba za ta iya haɗa ido da Mama ba, mace ce da ta ba ta zane ranar da ta iso ba ta da na canji. Sai Uwar Zumunta ta raka ta, ni kuma na tsaya a zaure tare da maigidan.

Mama ba ta yi musu ba. Wannan ya kamata a rubuta mata. Ta yi shiru na wani lokaci, sannan ta aika yarinya rumfa ta ɗauko tiyoyi biyu, ta kife su a kan tabarma. Daga sama ba ka ganin bambanci. Sai ka juya su. Gindin ɗaya a shafe yake. Gindin ɗayar an bubbuga shi da guduma ya shige ciki kamar ƙoƙon hannu, an kuma rage bakinta kaɗan aka sake naɗe shi yadda ido ba zai kama ba. Ta ce akwai wanda ke wannan aiki, kowa a layinsu ya san shi.

"Da babbar nake saye a ƙauye," in ji ta. "Da wannan nake sayarwa."

Lissafin da ta yi mana

Na daɗe a kan wannan sashe domin a nan ne na gane cewa ba ƙaramin abu muke nema a wurinta ba.

Buhun da ake kira mai tiya 40, in Mama ta aune shi da ƙaramar tiya, yana ba ta 44, wani lokaci 45. In kuma a ƙauye ta haɗa buhun da kanta, tana saye tiya-tiya a hannun matan manoma, akwai wani ƙari: babbar tiya, a cika ta har ta yi tsini, a kuma kewaye bakinta da hannu don kada tsabar ta zube. Wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar ƙauye lokacin kaka ya ga wannan hannu. Manomi yana gani, amma yana bukatar kuɗin a ranar, ba ya iya magana.

Ta lissafa abin da ke cin ribar gaskiya: kuɗin mota, 'yan dako a ɗora a sauke, la'adar dillali, harajin kasuwa, kuɗin buhu, abin da ƙwari ke ci, da abin da ake miƙawa a shingaye a hanya. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota ya ninka ya sake hawa. Kafin wannan ma, a farkon 2023 lokacin ƙarancin takardun naira, manomi ba ya karɓar taransifa, sai ta sayi tsabar kuɗi a wurin masu POS da tsada kafin ta shiga ƙauye. Ga kasuwannin da ta saba zuwa ta wajen Bena da Ribah, wasu ranaku hanyar ba ta biyuwa. Da ta gama, abin da ya fito fili shi ne: kusan rabin abin da take kaiwa gida daga waɗannan tiyoyi huɗu ko biyar na kowane buhu yake fitowa.

Na tambaye ta ko ta taɓa jin zuciyarta ta tsaya a kai. Ta ce a shekarar farko, ƙwarai. Daga baya ya zama kamar ɗaura zane. "Malam, wadda ta koya mini awo ita ta ba ni tiyar, kuma mawaƙiya ce a majami'arsu. Na ɗauka haka kasuwa take."

Sai Uwar Zumunta ta yi tambayar da ta taɓa mu duka. Ta ce ita ma a wurin Mama take saye, kuma ba ta taɓa ganin awonta ya gaza ba. Mama ta sunkuyar da kai. Ta ce gidan Baba Fasto, da gidajen dattawa, da Uwar Zumunta, da gidana, da babbar tiya take auna mana. Har da gyara.

Shekara takwas ina koyar da ajin almajiranci. Na koyar da addu'a, da azumi, da haddar aya, da yadda ake ba da shaida, da zakka da baiko. Ban taɓa buɗe Maimaitawar Shari'a 25 ba, inda aka hana mutum ajiye ma'auni iri biyu a jakarsa da mudu iri biyu a gidansa, babba da ƙarami. Ban taɓa karanta musu Amos sura 8 ba, inda annabi ya kwatanta masu ƙosawa ranar hutu ta wuce su buɗe hatsi, su rage mudu, su ƙara kuɗi, su sayar har da ƙaiƙayi. Rabin ajina 'yan kasuwa ne. Tuwon gidana cikakke ne, shi ya sa ban taɓa tambaya ba. Laifi tudu ne, kuma a wannan rana na ga wanda nake tsaye a kai.

Zaman dattawa

Mama da kanta ta nemi a kai maganar gaban dattawa. An zauna sau biyu, kuma ba a yi saurin haɗa baki ba.

Wani dattijo ya ce a sa ta horo: a dakatar da ita daga Jibin Ubangiji wata shida, ta koma bencin baya. Hujjarsa mai nauyi ce. Ya ce yarinya in ta yi ciki ba aure, ba ma ɓata mako guda kafin mu sanar a gaban jama'a, amma ba a taɓa jin an hori kowa a kan mudu ba, alhali Karin Magana 11:1 ta kira ma'aunin zamba abin ƙyama ga Ubangiji. Wani dattijon kuma, wanda shi ma ɗan kasuwa ne, ya ce a bi a hankali. In aka sa Mama a bencin baya saboda wannan, in ji shi, sai a ƙara benci, don layin masu awo kaf haka yake, Kirista da Musulmi. Ya ce farashi ne ke daidaita abin: mai ƙaramar tiya tana rage kuɗi, mai saye ya sani, babu wanda aka cuta.

Wannan magana ta biyu ita ce aka fi yi a kasuwa, kuma na yi ta juya ta a raina domin akwai ɗan abin kamawa a cikinta. Gaskiya ne tiya ba ɗaya ba ce daga gari zuwa gari. Amma in da mai saye ya sani, me ya sa ake naɗe bakin tiyar yadda ba za a gane ba? Me ya sa ake ɓoye babbar a ƙarƙashin buhu? Kuma me ya sa aka san waɗanda ba za a auna musu da ƙaramar ba? Wanda ke da ido a kasuwa, mai abinci ko ɗan sari, yana zuwa da tiyarsa. Wanda ƙaramar tiya ke ci shi ne wanda ba shi da bakin magana: yaron da aka aiko, baƙo, da mace irin wannan gwauruwa da ta lissafa cewa tiya huɗu za ta kai yaranta kwana takwas, ta tarar ranar ta takwas tukunya babu komai. A watan Yuli kuwa, lokacin da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai nuna ba, kwana ɗaya ba wasa ba ne.

Baba Fasto ya saurari kowa. Ya ce manufar horo ita ce a komo da wanda ya ƙi ji, wannan kuwa ta ji tun a matakin farko, don haka babu dalilin bencin baya. Amma ya ƙi yarda a rufe maganar da "Allah ya gafarta, a ci gaba." Ya kawo Zakiyus na Luka 19, wanda tubansa ya fito da lissafi: rabin dukiyarsa ga matalauta, ninki huɗu ga wanda ya zalunta. Ya kawo Yohanna mai Baftisma a Luka 3, da masu karɓar haraji da sojoji suka tambaye shi abin da za su yi, bai ce su bar aikinsu ba, ya ce kada su karɓi fiye da ƙa'ida, kada su yi ƙwace, su gamsu da albashinsu. Ya dubi Mama ya ce, "Mama, ba mu ce ki bar kasuwa ba. Can Yesu ya ajiye ki. Tambayar ita ce yaya za ki koma can gobe."

A ganina hukuncin ya yi daidai, ko da yake dattijon farko bai gamsu ba har yau, kuma ƙorafinsa game da yadda muke bambanta zunubi da zunubi yana nan ba a amsa shi ba.

Biya

Ninki huɗu na shekara goma sha ɗaya ba abu ne da Mama za ta iya ba, ko ta sayar da gidan. Ba a kuma ɗora mata ba. An bar ta ta je ta yi addu'a ta dawo da abin da za ta iya tsayawa a kai. Bayan mako guda ta dawo da shawara kashi uku, ba rubuce ba, a ka.

Masu saye da ta sani, za ta bi su gida-gida. Ta fara da gwauruwar, ta kai mata tiya huɗu cur, ba rabin da ya gaza kaɗai ba. Ta bi wasu gidaje goma sha wani abu. Wasu sun karɓa da hawaye, wasu sun ce ta bar shi, wata mata kuma ta zage ta tas a gaban kishiyoyinta ta kuma karɓe hatsin. Mama ta ce wannan gidan ne ya fi yi mata wuya, kuma shi ne ta fi jin ta sauke kaya da ta fito.

Masu saye da ba ta sani ba, waɗanda suka wuce shekara da shekaru, babu hanyar samunsu. A madadinsu ta ɗauki alkawarin ware tiya biyu duk ranar kasuwa ga 'yan gudun hijirar da ke gari, ba tare da tambayar addininsu ba, tun da waɗanda ta tauye ma ba ta tambaye su ba.

Kashi na uku, manoman da ta saya a hannunsu, shi ne mai wuya, zan dawo kansa.

Akwai kuma batun wace tiya ce ta gaskiya, tun da babbar ma an zaɓe ta ne don girmanta. A nan wani Alhaji ya shigo cikin labarin, dattijo mai rumfa a ƙarshen layinsu, wanda kowa ya san tiya ɗaya gare shi, da ita yake saye da ita yake sayarwa. Mama ta je ta ce, "Baba Alhaji, ku ara mini tiyarku in gwada." Bai tambaye ta dalili ba. Ya miƙa mata, ya ce su ma a Alƙur'ani akwai sura guda da ta buɗe da azabar masu tauye awo, waɗanda in za su karɓa sai an cika musu, in za su bayar sai su rage. Ya ce shekara talatin yana jiran wani a layin ya zo ya yi masa wannan tambaya. Da Mama ta ba mu labari, babu wanda ya ce uffan a cikin dattawa. Mu ne muke waƙar zama gishiri da haske, ga shi a layin hatsi wurin maƙwabcinmu aka je aron ma'auni.

Abin da ya ci mata

Ba na son a karanta wannan a ɗauka cewa daga ta gyara sai albarka ta yi ta zuba. Ba haka aka yi ba.

Da cikakkiyar tiya, dole ta ɗaga farashi sama da na maƙwabtanta, in ba haka ba jarin zai narke. Mai saye kuwa kuɗi yake tambaya, ba ya juya gindin tiya. Ya ji nata ya fi, ya matsa rumfa ta gaba. Watanni uku na farko cinikinta ya faɗi ƙwarai, kuma wannan ya zo daidai lokacin da tsadar abinci ta kai mutane suka fita zanga-zanga a farkon Agusta 2024. Ta fita daga adashen da ta shekara shida a ciki. Babban ɗanta ya jinkirta zango guda a makaranta don ba a haɗa kuɗin rajista ba. Maigidan ya yi fushi sosai. A gabana ya ce mata, "Ke kaɗai ce Kirista a kasuwar? Su fasto za su biya wa yaron?" Ban sami abin ce masa ba, domin tambayarsa ta biyu tana kanmu. Daga baya dattawa suka haɗa wani abu daga aljihunsu, bai kai rabi ba.

Abokan layinta ma ba su ji daɗi ba. Ba ta tona kowa ba, amma mutum in ya rataye tiya ɗaya a fili yana cewa duk mai so ya gwada, ya riga ya yi magana a kan sauran. Aka riƙa kiranta "matar fasto." Wadda ta fi zafi a kanta 'yar Zumuntarmu ce, suna sa anko ɗaya, suna zama benci ɗaya ranar Talata. Ta daina gaishe ta har Kirsimeti.

Waɗanda suka fara dawowa masu tuwo-tuwo ne da masu ƙosai da masu kunu, mutanen da ke lissafin kowace tiya domin sun san kwano nawa za ta fitar. Su ne suka gane cewa tsadar Mama araha ce. Yanzu su ne ƙashin bayan cinikinta, kuma suna aiko yara ba tare da fargaba ba. Duk da haka, da bakinta ta gaya mini cewa abin da take samu bai koma yadda yake a da ba, kuma ba ta sa ran zai koma. Abin da ta ce ya canja shi ne addu'ar safe. A da in an zo wurin roƙon abincin yini a Addu'ar Ubangiji, bakinta kawai ke faɗi, don ta san inda nata zai fito. Yanzu da gaske take roƙo.

A ajin almajiranci na sauya tsari. Mun yi makonni shida a kan aiki kaɗai: mudu, sikelin mahauci, litar mai, telan da ke rage yadi, malamin da ke sa hannu a rajista ya tafi gona, ma'aikacin da ba ya ɗaga fayil sai an ba shi na goro. Mutane sun yi magana fiye da yadda na taɓa ji, wasu kuma sun daina zuwa. An kawo shawarar a ajiye tiya ta gaskiya a ofishin ikilisiya don duk mai awo ya zo ya gwada tasa a asirce. Sau biyu ana sa maganar a ajandar dattawa, sau biyu ana ɗage ta.

Saura manoman. Mama ta san su da fuska da suna, ta ci tuwo a gidajen wasunsu. Amma ƙauyukan da ta fi saye a cikinsu sun watse. Ta sami mata huɗu a nan Zuru, ɗaya a Dabai, ta biya su gwargwadon abin da suka lissafa tare. Akwai wani dattijo daga wani ƙauye ta wajen Bena wanda ta ce shi ta fi ci, domin duk kaka shi ke haɗa mata buhu biyar ko shida, kuma bai taɓa duban hannunta a bakin tiya ba, hira kawai yake yi mata. Ta tambayi direbobi, ta tambayi 'yan garinsu da ke zaune a gari. Wani ya ce ya gan shi a Kontagora, wani ya ce an tafi da shi daji tun bara waccan.

A kusurwar rumfarta akwai buhun dawa guda a ɗaure, ba na sayarwa ba. Da kaka ta yi ta juye tsohuwar ta zuba sabuwa don kada ƙwari su cinye. Makon jiya da na biya ta rumfar, na tarar tana kwatanta wa wani direban Bena kamannin mutumin: dogo, mai tsage a kumatu, yana ɗan ɗingishi da ƙafar hagu.